Kifin Jego a Bayan Mil Uku

A gidan su Malam Hamidou, a wani ƙauyen masunta da ke ƙasa da garin Gaya na ƙasar Nijar, a bakin babban kogin da suke kira Isa, akwai al'adar da ba a taɓa tsallakewa ba. Idan 'yar gidan ta yi haihuwar fari, kafin ranar suna ubanta zai shiga ruwa ya kamo kifi da hannunsa, a yi wa mai jego farfesu da shi. Ba a saye a kasuwa, ba a karɓa kyauta, ba a kuma aika wani. Malam Hamidou ya yi wa 'ya'yansa mata huɗu haka. Saura Shafa'atu, autarsa, wadda aure ya kai birnin New York.

A watan Mayu na shekarar 2016 Shafa'atu ta haifi 'ya mace. Mahaifiyarta ta rasu shekara uku kafin nan, saboda haka Malam Hamidou ya yi doguwar tafiyar shi kaɗai, yana da shekara saba'in da ɗaya. A cikin jakarsa akwai kayan yaji, da ƙugiyoyi shida a cikin gwangwanin madara, da igiyar rama da ya tufka da kansa. Ranar da aka dawo da ita daga asibiti zuwa gidansu a Mount Hope, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya ce, “Auta, kifinki yana nan zuwa. Ba za a ce na yi wa yayyenki na bar ki ba.”

Mijinta Boubacar, mai shago a Fordham Road, yana jin nauyin surukinsa ƙwarai, don haka bai faɗi shawararsa da bakinsa ba. Ya aika maƙwabcinsu Sumani ya gaya wa tsohon cewa akwai kantin da ake ajiye kifi mai rai a cikin akwatin gilashi, yana iya zuwa ya sa hannu ya kama wanda ya ga dama. Malam Hamidou ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, “Ka gaishe shi, ka ce na gode. Amma wannan ba kamun kifi ba ne, wankin hannu ne.”

Shi Sumani direban tasi ne, haifaffen zangon Sekondi a ƙasar Gana, shekarunsa sun haura hamsin. Matarsa Hajiya Nimatu ita ce ta tsaya wa Shafa'atu a matsayin uwa, tana dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. Sumani da abokansa biyu suna da wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai inji da suke ajiyewa a Brooklyn, kuma ya yi alkawarin kai tsohon teku. Sai dai iska ta taso ta yi kwana huɗu ba ta kwanta ba. Ba ta lafa ba sai ranar kwana shida da haihuwa, wato gobe suna.

Bayan sallar asuba suka kama hanya. Da rana ta ɗaga sun wuce Rockaway, gine-ginen birnin sun koma kamar ƙananan duwatsu a bayansu. Malam Hamidou ya shekara sittin a cikin kwalekwale, amma ruwan kogi gaba yake tafiya, wannan kuwa sama da ƙasa yake yi. Jiri ya kama shi. Ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, ya ƙi yarda ya sunkuya.

“Baba, lafiya dai?” in ji Sumani, yana ɓoye dariya. “Ko in juya da sarkin ruwan ƙasar da ba ta da teku?”

“Tuƙa jirginka, ɗan Gana. Ruwan da jaki ba zai sha ba, shi kuke wa mutane taƙama da shi?”

“Jakin ne bai san daɗi ba, Baba. Ga citta, ka tauna.”

Ya karɓi cittar ya tauna, bai ce ya gode ba sai da jirin ya sauka.

Sumani ya miƙa masa sandar kamun kifi mai ƙarfen naɗe zare, ya ƙi karɓa. Ya ɗauki zaren kawai, ya ɗaura ƙugiyarsa ta gida, ya naɗe tafin hannunsa da tsumma, ya ce kifin jego sai yatsa ya ji shi. Suka yanka ƙananan kifayen da Sumani ya taho da su, suka sa a ƙugiya, suka jefa. Hantsi ya wuce ba abin da ya taɓa zaren. Suka sauya wuri sau uku. Suka yi sallar azahar a zaune, wayar Sumani ce ta nuna musu alƙibla. Malam Hamidou ya daɗe a addu'a, kuma Sumani bai tsokane shi ba.

Suna shafawa tsohon ya nuna gabas da haɓarsa. Wasu fararen tsuntsaye suna faɗawa ruwa a wuri ɗaya.

“Can. Manya suna koro ƙanana daga ƙasa. Kai mu kusa, sannan ka kashe wannan injin, ƙararsa ta ishi kurma.”

Sumani ya kai su, ya kashe injin, suka bar ruwa yana tafiya da su. A lokacin ruwan yana janyewa daga gaɓa, iska kuma tana tura su waje. Zaren Sumani ya harɗe, ya duƙufa yana warwarewa, bai ƙara duban na'urar da ke nuna inda jirgi yake ba.

Can sai zaren Malam Hamidou ya miƙe, ya ja hannunsa har gwiwar hannun ta bugi gefen jirgin. Bai yi ihu ba. Ya ce “Bismillahi” a hankali, ya saki zare, ya bar abin ya gudu, sannan ya fara jawowa kamu ɗaya bayan ɗaya. Idan kifin ya yi ƙarfi ya sakar masa, idan ya gaji ya karɓe. Tsumman ya zame, zaren ya yanke masa yatsa, bai kula ba. Kusan rabin awa suna haka. Da kifin ya taso kusa da jirgin, sai ga fari fat mai baƙaƙen zane a gefe daga kai har wutsiya, tsawonsa zai kai ƙirjin mutum a tsaye.

“Allahu Akbar!” in ji Sumani. “Baba, sitiraifa ne! Shekara tara ina shiga ruwan nan ban taɓa ganin kamarsa ba!”

Malam Hamidou ya sa hannu ya kama leɓen kifin na ƙasa, ya riƙe shi a cikin ruwa. Fuskarsa ta saki, har haƙoransa biyu da suka rage a sama suka bayyana. “Ɗiyata za ta ci, maƙwabta su ci, har surukina mai akwatin gilashi ya samu. Kama mini wutsiyar mu ɗaga.”

Sumani ya juya zai ɗauko safar hannu, idonsa ya faɗa kan na'urar. Ya tsaya. Ya danna ta, ya sake dubawa, ya dafe kansa.

“Baba, kada ka ɗaga shi tukuna. Mun ƙetare layi.”

“Wane layi?”

“Daga gaɓa zuwa mil uku ruwan jihar New York ne. A can an yarda mutum ya ɗauki irin wannan kifin guda ɗaya, in ya kai girma. Daga mil uku har mil ɗari biyu ruwan gwamnatin tarayya ne, a nan kuwa an hana kama shi sam. Ruwa ya jawo mu waje da wajen rabin mil. Laifina ne, ban duba ba.”

Malam Hamidou ya dubi hagu, ya dubi dama. Babu komai sai ruwa iri ɗaya, babu ko jirgi ɗaya kusa da su.

“Mi ka ce? Nuna mini layin. Da alli aka ja shi ko da gawayi?”

“A takarda yake, Baba, da cikin wannan na'ura. Ko mu Gana yanzu haka muna kotu da Kodebuwa a kan irinsa, saboda man fetur da ke ƙarƙashin teku.”

“Na baro iyaka a kogi, ashe ta riga ni zuwa nan.” Sai idonsa ya yi haske. “Bon, shi ke nan. Miƙo mini igiyata daga cikin jaka.”

Da hannu ɗaya ya cire ƙugiyar. Ya zura igiyar ramar ta bakin kifin, ya fito da ita ta kunnen da yake numfashi, a hankali don kada ya ji masa ciwo, ya ƙulla, ya ɗaure ɗayan bakin a gefen jirgin. Kifin ya koma ƙasa kamar kamu biyu, yana kaɗa wutsiya.

“Haka muke yi a gida,” in ji shi. “Tun da kotun duniya ta raba mana kogi da mutanen Benin, in kifi ya kama a wancan ɓangaren ba mu ɗaga shi. Sai mu ɗaure shi da rai, mu tuƙa a hankali, shi da kansa ya yi iyo ya ƙetaro. In mun iso namu ruwan mu ɗaga. Ba wanda ya taɓa ganin kifi a cikin kwalekwalena a ruwan wani.”

Sumani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. “Baba, dokar nan ba ta san wannan dabara ba. In kifi yana igiyarka, a hannunka yake.” Ya dubi yatsan tsohon da ke zubar da jini, ya dubi ranar da ta fara karkata. Ya sauke murya. “Amma ranar 'yarka ce. Ni ba zan kwance igiyar da ka ƙulla ba. In ka ce mu tafi, mu tafi.”

“Mu tafi. A hankali, kamar tafiyar mai ciki.”

Sumani ya tayar da injin, ya bar shi a mafi ƙanƙantar gudu. Malam Hamidou ya zauna a gefe, hannunsa a kan igiyar, yana kallon kifin yana bin su. Yanzu da ya samu natsuwa ya ga abin da bai gani ba a lokacin kokawa. Ya ga faɗin cikin, da yadda ya sauko ƙasa ya cika.

“Mace ce,” ya ce. “Ƙwai ne a cikinta.”

“Manyan duk mata ne, haka aka ce. Wannan watan suke hawa kogin Hudson su zuba.”

Suka ɗan yi tafiya. Sannan tsohon ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, “Su wa suke faɗa a kan wannan layin? Jihar da tarayyar?”

“Ba faɗa ba ne, Baba. Wani tsohon Bature da ke ajiye jirginsa kusa da namu ya ba ni labari. Ya ce shekara talatin da suka wuce kifin nan ya kusa ƙarewa, mutum zai wuni a ruwa bai ga ko ɗaya ba. Sai aka taƙaita kamu a bakin gaɓa, aka rufe ruwan waje gaba ɗaya, don manyan su sami inda ba mai taɓa su. Da haka suka dawo. Ya ce shi da idonsa ya ga dawowarsu.”

Malam Hamidou ya dubi igiyar. Kifin ta ɗan kife gefe, farin cikinta ya bayyana, sannan ta daidaita da ƙyar.

“Saura nawa?”

“Kamar rabin abin da muka yi.”

“Kashe injin.”

Sumani ya kashe. Jirgin ya ci gaba da lilo.

“Muna da wani gurbi mai zurfi a ƙasan ƙauyenmu,” in ji Malam Hamidou. “Gurbin Tsamiya. Daga ruwan fari har kogi ya fara ja da baya, ba mai jefa ƙugiya a ciki, ko mu ko mutanen ƙetare. A nan giwan ruwa take kwanciya ta hayayyafa. Kakana ya tsare shi, ubana ya tsare shi, aka bar mini. Babu takarda, babu bindiga, magana ce kawai. Da aka raba kogin, layin ya bi ta tsakiyar gurbin. Sai mutanenmu suka fara cewa in mun bari waɗancan za su kwashe. Na san can ma haka ake faɗa. Shekara biyu ina hana su.” Ya goge jinin yatsansa a rigarsa. “A shekara ta uku ni ne na fara jefa taru. Ni mai gadin. Na ce gara mu da su. Kwana goma muka yi muna kwasa, waɗancan ma suka shigo. Yau in ka ga giwan ruwa da ta wuce tsawon hannu a wajenmu, to daga wani wuri aka kawo ta.”

Tsohon ya ɗaga kai ya dubi Sumani.

“Na ɗauka irin layinmu ne, wanda ke raba mutane. Ashe gurbin wasu ne na shigo, kuma su sun tsare nasu.” Ya ja dogon numfashi. “Auta tana jira. Na yi mata magana a bakin ƙofa.”

“Ka yi, Baba.”

Tsohon ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya jawo igiyar a hankali har kifin ta zo gefen jirgin. Ƙullin ya jiƙe ya ƙi kwancewa, sai ya karɓi wuƙar Sumani ya yanke igiyar, ya zare ta. Kifin ba ta tafi ba. Ta kwanta a gefe, kunnenta yana buɗewa da ƙyar. Malam Hamidou ya ce wa Sumani ya riƙe shi ta bayan riga, ya sunkuya har ruwa ya kai masa kafaɗa, hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinta, ɗaya a wutsiya. Ya fuskantar da ita inda ruwa ke tahowa don ya bi ta bakinta.

“Yi haƙuri, uwar gida,” yana ce mata ƙasa ƙasa. “Mun gajiyar da ke. Tashi mana. Tashi, ba a nan za ki sauke ba.”

Hannayensa suka yi sanyi har ya daina jin su. Sumani yana riƙe da rigar yana salati. Can ya ji jikinta ya yi tauri a tafinsa, wutsiyar ta buga sau ɗaya, ta watsa musu ruwa a fuska, ta nutse.

Sumani ya jawo shi ciki, ya lulluɓa masa tasa rigar sanyin. Tsohon yana rawar ɗari, ya ce, “To mi kake kallo? Mayar da mu ruwan da aka yarda. Rana ba ta faɗi ba.”

Suka koma ciki, suka tsaya a kan wasu duwatsu da Sumani ya sani. Babban kifi bai ƙara zuwa ba. Kafin la'asar ta yi sanyi Malam Hamidou ya kama wasu masu faɗi kamar karfasa, waɗanda ake kira fogi. Sumani ya gwada kowanne da ma'auni, biyu ba su kai ba aka mayar, uku suka rage, kowanne bai fi tafin hannu da yatsu ba. A mota, tun daga Brooklyn har Grand Concourse, tsohon yana rungume da bokitin a cinyarsa.

Hajiya Nimatu ce ta buɗe musu ƙofa. Ta riga ta ɗora babbar tukunyar da ta aro don kifin. Ta leƙa bokitin, ta dubi mijinta, ta riƙe ƙugu.

“Maza biyu, jirgi guda, wuni guda, kifi uku? Sumani, ko kun tsaya kun sayar da sauran a hanya?”

“Hajiya, sauke wannan tukunyar ki ɗora ƙarama,” in ji Sumani. “Labarin yana da tsawo.”

Malam Hamidou ya yi sallama a ƙofar ɗakin 'yarsa. Tana zaune a bakin gado, jaririyar tana barci a hannunta. Bai shiga sosai ba. Ya tsaya a tsaye, ya gaya mata duk abin da ya faru, bai rage ba, har igiyar da niyyar da ya yi da ita.

“Yayyenki kowacce giwan ruwa ta ci,” ya ce a ƙarshe. “Ke ga abin da ubanki ya kawo miki. Ki yafe mini, Auta.”

Shafa'atu ba ta dubi bokitin ba. Yatsansa take kallo, da rigarsa da gishiri ya bushe a jiki.

“Baba, da hannunka ka kama su?”

“Da hannuna.”

“To shigo ka zauna. Tun safe Hajiya take fama da ni in ci tuwo, na ce kifin Babana nake jira. Yunwa nake ji.”

Bayan magariba Hajiya Nimatu ta kawo farfesun a ƙaramin kwano, yana ƙamshin kimba da masoro. Shafa'atu ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta zaro ƙaya daga bakinta, ta yi dariya. Jaririyar ta motsa, ta fara neman nono, hannun uwar duka biyu suka shiga aiki.

Malam Hamidou ya wanke hannu, ya jawo kujera kusa da gadon, ya ɗora kwanon a gwiwarsa. Ya sa tabaransa, ya matso da fitila. Ya fara ɓare naman kaɗan kaɗan, yana murza kowane yanki tsakanin yatsu biyu, yana jera ƙayoyin a gefen faranti. Idan ya tabbata babu saura, sai ya ɗora a cokali ya miƙa mata.

“Baba, ai na girma.”

“Buɗe baki. Waɗannan ƙananan ƙayarsu ta fi namansu yawa.”

Ta buɗe. Daga falo ana jin Sumani yana ba Boubacar labari, kifin ya riga ya kai tsawon ƙofa, Hajiya Nimatu tana cewa ya ji tsoron Allah. Shafa'atu ta cinye na farko, ta cinye na biyu, ta ce a bar mata na uku da romon sai da safe, kafin baƙin suna su fara zuwa.